Ranar da Inna ta faɗi sunana

Tun safe na kasa zama wuri ɗaya. Yau kotu za ta sake duba maganar jikana da aka hana mafaka a Turai don ya yi shiru a wasu tambayoyin da aka yi masa, ni kuwa Inna ce ke ta faɗo mini a rai.

Ina yaro lokacin, muna unguwar Karantina a Jidda, mun gudo daga yaƙin Chadi. Jami'i ya tambayi Inna sunana, ta yi shiru. Sai ya hana mu iƙama, takardar izinin zama, wai ba ita ta haife ni ba. Shi ina ya san kunyar ɗan fari?

Da ƙyar kafilinmu, wanda ya tsaya mana a ƙasar, ya kai maganar gaban alƙali.

Tafinta, wani tsoho Bakano, ya ce, "Hajiya, faɗi mana. In kin ƙi, jirgi za a sa ku, halas."

Inna ta ja mayafi. "Malam, ɗan fari ne fa."

"Na sani. Alƙali ne bai sani ba."

Ta sunkuyar da kai ta ce, "Usmanu."

Aka ba mu iƙama. Har ta rasu ban sake jin sunana a bakinta ba.

To jikana fa, wa zai fassara musu shirunsa? Wanda ya taɓa irin wannan jira, ya gaya mini yadda ake yi.