Garin da Babu Malamin Fatauci

Gidanmu na Gyaɗi-Gyaɗi a wancan lokacin gonaki ne a bayansa. Da an idar da sallar magariba, kakarmu Inna Yalwa takan tura dankali cikin tokar murhu, mu jikokinta mu kewaye ta. Ba ta fara tatsuniya sai ta ce, "Ga ta nan tafe, ku matsa mata ta zauna." Mu kuwa sai mu matsa da gaske.

Wadda ta fi zauna mini ita ce ta wata yarinya, Ladi, da ubanta ya tura wani gari ta koyo fatauci. Ta isa ta tarar garin babu bafatake ko ɗaya. Kunyar komawa ta hana ta juyawa, sai ta zauna wurin marina har ta gane shuni mai kyau. Daga nan ta koma wurin wata tsohuwa mai rumbu, wadda ke sa hatsin kaka ya kai wata kakar. A nan Inna takan ɗaga yatsa ta ce, "Wannan shi ake kira tat-ta-li," tana rarraba kalmar kamar tana raba mana dankali. Sannan Ladi ta zauna ƙofar mai unguwa tana jin yadda ake sasanta mutane.

Ta koma gida da kuka, wai ba ta koyo komai ba. Ran kasuwa wani baƙo ya kawo wa ubanta zannuwa. Ladi ta jiƙa yatsa ta goga, shuni ya biyo yatsan. Inna takan lashi nata yatsan ta goga a kumatun wanda ya fara gyangyaɗi, ta ce, "Kai ma zuba kake yi." Ladi ta ƙi kayan, ta lallashi baƙon har ya fito da na kirki, suka rabu suna dariya. Sai Inna ta rufe da cewa, "Tatsuniya ta tashi, ku ma ku tashi."

Shekarar da sojoji suka miƙa mulki, ina tuƙa motar haya ƙirar hayis, da yamma kuma ina zuwa ajin yaƙi da jahilci a Tarauni. A shekarar 'yata Hauwa ta sami gurbi a jami'a. Burinta karatun kasuwanci, jami'ar kuwa ba ta da sashensa. Ta ce ba za ta je ba.

"Sai ki yi me?" na tambaye ta.

"In jira baɗi, Baba. Ikonomiks suka ba ni, ai ba shi ba ne."

Na san baɗi ba lallai a sake kiranta ba. Na kai takardar da jami'ar ta aiko wurin malamarmu, Madam Rifkatu, mutuniyar Filato, na roƙe ta ta rubuta mini darussan da Hausa. Na sa yatsa a layin farko ina haɗa baƙi: tat, ta, li. Sai na fashe da dariya a tsakiyar aji.

"Malam Sabo, lafiya?"

"Lafiya lau, Madam. Kakata ce ta shigo."

Tattalin arziki, nazarin zamantakewa, dokar ciniki, kwamfuta. Madam ta ce ɗaliba na iya ɗaukar wasu daga sassa daban ta haɗa da nata. Na koma gida na ba Hauwa labarin Ladi tun daga farko.

"Baba, da tatsuniya za ka tura ni jami'a?"

"Ita na gada. Ki je ki zauna wurin marina."

Ta tafi tana ƙunƙuni, da mayafai dozin guda da uwarta ta cusa mata a jaka.

Ina yaro na ɗauka tatsuniyar ta wayon gane zane ce. Sai da na yi furfura na gane Inna tana nufin abin da mutum ya je nema yakan zo masa a rarrabe, a hannun mutane daban-daban, shi zai haɗa. Haka ni ma nake haɗa baƙi.

Bayan wata uku wasiƙa ta zo, da manyan baƙaƙe don ni. Ban kai wa kowa ba, da kaina na karanta: "Baba, har yau ba a koya mini kasuwanci ba. Mayafai sun ƙare. A ƙaro, amma a goga tukuna."