Mukullin Mai Halal a Ƙarƙashin Yaɓe

A Tsamiyar Kanti, ƙauyen nan na gabas da Minjibir inda gonar wani ke ƙarewa a jikin dangar wani, in ka ce kana neman Malam Abdulkabir sai a tambaye ka wanne. Amma ka ce Mai Halal, ko akuya sai ta raka ka ƙofar shagonsa.

Manomi ne kamar kowa, gero da gyaɗa. Sai dai ya taɓa zama a Rijiyar Zaki yana buga wa ɗalibai takardu, ya dawo gida da kwamfuta a ka. Shagon ɗakin ƙasa ne a jikin zauren gidansu, nan ake buga katin ɗaurin aure da shaidar sauka ta 'yan Islamiyya. Sunan kuwa ya same shi ne a kan manhajar da ke tuƙa kwamfutar. Masu kwamfuta da yawa ta sata ake ɗora musu kyauta, kamar gyaran tumatur. Shi kuwa gyaɗarsa ta shekara guda ya sayar ya sayi ta gaske mai lasin, aka ba shi ɗan kati mai haruffa da lambobi ashirin da biyar, aka ce masa shi ne mukullinta.

"Da guminsa wani ya yi ta," haka yake cewa. "Ba zan buga bisimilla da kayan sata ba."

Da ya ga gara ta fara leƙa akwatinsa, sai ya yi abin da kowa ke yi da lambar waya: ya ɗauki gawayi ya kwafe mukullin a bango, bayan ƙofa, ƙasan lambar likitan dabbobi. Gara ta cinye katin da rasit ɗin sayensa tas, ko a jikinsa. Bango ai ba ya zuwa ko'ina.

Bana, gab da faɗuwar damina, janareta ya yi wani irin tari, kwamfuta ta amsa masa da hayaƙi. Malam ya naɗe ta a zanen matarsa Tahira, ya rungume ta a mota har Bacirawa, wajen Zaharaddini mai gyara. Zaharaddini ya buɗe, ya shinshina, ya ce babban allon cikinta ne ya ƙone, wanda suke kira bod. Kwana uku Malam ya yi a birni ana neman wani. Da aka kunna, ayyukansa duk suna nan. Sai dai ga wani rubutu fari-fari a kusurwar ƙasa ta fuskar kwamfutar, ya ƙi tafiya.

"Me take cewa?"

"Cewa take ba ta da lasin, Malam. Da tsohon bod ta saba, yanzu gani take gidan wani aka kai ta. Ka sa mata mukullinta, shi ke nan. In babu, ba ni minti biyar in yi mata dabara."

"Wace dabara?"

"Irin wadda kowa ke yi."

"Riƙe dabararka. Nawa yana gida a bango."

Abin da bai sani ba, ƙanensa Muhammadu Sani ya ga shago babu kowa, ga hadari ya fara haɗuwa, sai ya kira gayya. Suka kwaɓa ƙasa, suka yaɓe ɗakin ciki da waje, sumul. Tahira ce ma ta dafa musu shinkafa da wake. Malam ya sauko daga mota ya tarar da su a inuwa, ƙafafu duk laka, suna jiran godiya. Ya shiga, ya leƙa bayan ƙofa, ya daɗe a ciki. Sannan ya fito ya ce, "Allah ya saka da alheri, Allah ya bar zumunci." To me zai ce? Mutum ba ya yi wa wanda ya yaɓe masa ɗaki faɗa.

Washegari aka gan shi a durƙushe da cokalin shayi yana kankare sabon yaɓe a hankali, kamar mai cire ƙaya daga ƙafar jariri.

"Yaya, tulun zinare Baba ya binne ne ba a gaya mini ba?" in ji Muhammadu Sani.

Malam ya ci gaba da kankararsa. Masu yaɓe sai sun yayyafa wa bango ruwa kafin su ɗora ƙasa, ruwan kuwa ya janye gawayin. Lambar likitan dabbobi, wadda ba wanda ke nema, ta fito raɗau. Mukulli kuma guda ashirin da ɗaya suka karantu, huɗun ƙarshe sun zama baƙin tabo.

Ya hau kan juji, inda sabis ɗin wayar garin yake zaune, ya kira masu manhajar. Wata murya ta yi ta aikensa, danna ɗaya, danna uku. Da ya samu mutum a ƙarshe, cikin ladabi aka tambaye shi mukulli ko rasit. Ɗaya na cikin bango, ɗaya na cikin gara. Sayen sabo kuwa sai wata gyaɗar, ga shi ko iri ba a kai gona ba.

Kwamfuta dai tana aiki, tana buga komai. Rubutun ne matsalar, domin yanzu kowane gida akwai wanda ya iya haɗa baƙin boko. Basiru mai cajin waya ya zo karɓar katin bikinsa, ya sunkuya ya karanta a bayyane.

"Af, Mai Halal, ashe kai ma ka shigo sahu? Sannu da zuwa, a matsa masa."

Aka yi dariya, har da Malam ɗin, ta fatar baki. Da suka watse ya liƙa 'yar takarda a kan kusurwar. Kafin azahar ya ɓamɓare ta da kansa, ya ce wannan algus ne, daidai da jera manyan tumatur a saman kwando.

Sai ya koma canke. Kullum bayan la'asar ya zauna ya buga ashirin da ɗayan nan, ya cika huɗu da ka, kwamfuta ta ce a'a. Ranar kwana na tara Tahira ta kawo masa fura, ta tsaya tana kallo.

"Malam, in tambaye ka mana. In ka dace ta buɗe, ta yaya za ka san naka ne ba na wani bawan Allah ba?"

Yatsansa na kan madanni. Ya ɗage shi a hankali, ya goge haruffan, ya sha furarsa. Daga ranar bai sake gwadawa ba.

Rubutun na nan har yau a kusurwarsa. Zaharaddini kan bugo lokaci-lokaci ya tuna masa da minti biyar ɗin nan, Malam ya tambaye shi iyali ya kashe waya. In baƙo ya ƙura wa kusurwar ido, sai Malam ya tashi ya tura ƙofa ya nuna masa kankararren bango, ya soma bayani tun daga gara. Wasu su yarda, wasu su gyaɗa kai irin na "mun ji." Gonarsa ta bayan gari bana babu ko zangarniyar gero, gyaɗa ce daga kunya har kunya ta kuɗin sabon mukulli, kuma kwana goma sha biyu ke nan ba a yi ruwa ba. Haruffan ashirin da ɗaya kuwa, don kada su ma su ɓata, ya sake kwafe su da gawayi, a ɗaya bangon.