Jitar Majo da Rediyona Mai Jan Ƙafa

Shekara goma sha ɗaya ke nan da aka fita da Majo daga gidan nan, aka bar ni da ɗakinsa da tarkacensa. Ban taɓa kiran sunansa ba yana raye, ba kuma a jarida zan fara ba. Majo duk Gure ke ce masa, don shi ne babba cikin masu jinya a asibiti, ni ma da haka nake kiransa. Masu tuna shi sukan kawo zancen allurar rigakafi da yaran da ya tsaya a kansu lokacin baƙon dauro. Gaskiya ne, Allah ya saka masa. Ni dai matarsa ce, abin da na fi sani game da shi jita ce, kuma labarinta zan ba ku, har da laifina a ciki.

A farkon shekarun casa'in aka turo shi Gure daga can yamma. Bai san kowa ba, ba ya jin Barbarci, Hausarsa ma sai an yi mata dariya a kasuwa. A gidan da aka ba shi ya tarar da jita rataye a ƙusa, da kaset ɗaya, da 'yar takarda daga ma'aikacin da ya gada, wanda ya riga ya tafi kafin ya iso. Takardar ta ce akwai ma'aikata huɗu a garuruwa dabam-dabam, duka masu koyon jita don nishaɗi, kuma kaset ɗaya ke zagaya su. Wanda ta iso wa sai ya saurari kiɗan sauran, ya faɗi gyaran da ya ji, ya ɗauki nasa kiɗan a gurbinsa, ya ba direba a tasha ya kai gaba. Mutumin ya rufe da cewa gurbin Gure yanzu babu kowa, in sabon majo yana so, nasa ne.

Yana so, amma ba shi da abin sauraron kaset. Ni kuwa, 'yar garin nan, da aka kai ni gidansa bayan wata shida, cikin kayan ɗakina akwai rediyo mai kaset, ƙato, mai lasifika biyu, wanda kawuna ya kawo mini daga Libiya. Har ya rasu ina tsokanarsa cewa rediyon ya aura, ni gyara aka yi masa. Bai taɓa musantawa da ƙarfi ba.

Kaset ɗin kan taso daga Agadas, ta bi Tawa da Maraɗi, ta faɗo Gure, ta wuce Difa, sannan ta koma. Zagaye ɗaya yakan ci wata biyu, in damina ta ɓata hanya ya fi haka. Jagoransu Mushe Alhasan ne, malamin lakwal, wato makarantar boko, a Agadas; Mushe ake ce wa malaman boko a wurinmu. Shi ke buɗe kowace kaset, ya kaɗa tsirkiya shida ɗin nan ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ɗaure tasa jitar daidai da abin da ya ji. Majo bai taɓa ganin ko ɗaya daga cikinsu ba. Daga bakin rediyona ya koyi komai, tun daga inda ake ɗora yatsa.

Wallahi na sha wuya. Da an yi la'asar ya dawo daga asibiti, sai ƙwarin-ƙwarin, wuri ɗaya sau talatin. Ya zare kaset, ya zura biro ya juya ta baya don kada batir ya ƙare, ya mayar, ya sake. Mahaifiyata ta taɓa tambayata, wai mijin nawa likita ne ko maroƙi. Ni ma ranar tambayar ke raina. Na sha roƙon Allah a zuci ya sa ƙusar nan ta zare da kanta, jitar ta faɗo ta tsage, kowa ya huta.

Amma ina da ido. Majo kan yi kwana huɗu a dajin Alakos ko Bune da akwatin allura, ya dawo baki a rufe, wani lokaci ya baro gawar yaron da bai iso da wuri ya ceta ba. Abinci ba ya ci, magana ba ya yi. In aka yi sa'a kaset ta iso, sai ya zauna ya ji muryoyin nan suna gaishe shi, suna tsokanar juna, kafin magariba ya dawo mutum. Ni ma na san su da kunne. Mushe Alhasan murya gare shi mai kauri, a hankali yake magana, na ƙiyasta shi ƙato mai tumbi. Ranar da ya ce, "Na Gure, hannunka ya faɗa," sau uku Majo ya mayar da wurin nan, yana satar kallona ko na ji.

Yanzu ɗiyarmu Hadiza, ita ma ta ɗauko ciwon ubanta, tana cikin wani rukuni na masu koyon jita a waya. Ta kaɗa ta tura, kafin ta ajiye wayar wani daga wata ƙasa ya ce mata yatsanta na uku ya karkace. Nakan zauna in ce, da Majo zai leƙo ya ga wannan, me zai ce? Na san zai yi murna, ba mai ƙin sabon abu ba ne. Amma na san zai tambaye ta yaushe take samun lokacin yin kewarsu, tunda ba ta jiran kowa wata biyu.

Sunan Hadizar nan ne ya haɗa su. Shekara huɗu suna zagaya kaset, sai Majo ya faɗa a ciki cewa ana jiran haihuwa wajen hutun lakwal, duk mai iko ya zo. Uku suka zo, har da Mushe Alhasan. Da safe bayan an shafa fatiha suka tsaya a bakin ƙofar ɗakina, wata siririyar murya mai sauri ta ce, "Barka da arziki, mai jego, Allah ya raya." Na tambayi inna, ƙanwar mahaifiyata da ke zaman jegona, ko wane ne. Ta ce ai baƙon Agadas ne. Na ce ƙarya ne. Na ɗaga labule kaɗan, sai ga ɗan mutum firit, ko kafaɗar Majo bai kai ba. Na yi dariyata, hidima ta ɗauke mini hankali.

Bayan la'asar maza suka zauna a rumfar ƙofar gida, wadda tagar ɗakina ke kallo. Kowa ya ɗauko jitarsa. Mushe Alhasan ya kaɗa tsirkiya ta farko yadda ya saba, Majo ya kaɗa tasa, sai ta fito can ƙasa, ba su haɗu ba ko kaɗan. Ya ɗaure, bai kai ba. Ya ƙara ɗaurewa, tsirkiyar ta tsinke, tas! Aka ba shi wata ya saka, aka samu aka daidaita. Suka ɗauko kiɗan da ya fi ƙwarewa a kai, wanda ni kaina zan iya rera shi cikin barci. Su uku suka tafi a guje, Majo yana baya yana lalube. Suka tsaya suka sake. Haka dai. A karo na uku ma haka, sai kowa ya ajiye jitarsa.

Majo ya shigo ɗakina da jitar a hannu, wai ya zo ganin jaririya. Ko kallonta bai yi ba. Ya jingine jitar a bayan gado ya ce, "Falmata, ashe shekara huɗu tausayina suke ji. Ban iya komai ba, suka yi ta cewa hannuna ya faɗa." Ya ce in baƙi sun tafi in ba da jitar ga duk wanda na ga dama, shi ya gama. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba, ko a ranakun da ya dawo daga daji. Ba kiɗan ne ya fi yi masa zafi ba. Mutanen da ya ɗauka 'yan uwa, ya zaci lallaɓa shi suke yi kamar mara lafiya.

Yana fita abin ya faɗo mini. Muryar Mushe Alhasan ta safe, da muryarsa ta cikin kaset. Sai na tuna gidan maƙwabciyata, inda nakan ji kaset ɗin waƙa irin tawa tana gudu, in dawo gida ina cewa rediyonsu ya lalace, don ni a wurina nawa na Libiya ba ya kuskure. Ashe nawa ne ke jan ƙafa. Duk abin da aka saka masa a hankali yake juya shi, murya ta yi kauri, kiɗa ya yi sanyi. Majo a haka ya ji su, a haka ya koya. In kuma ya ɗauki nasa a rediyon nan aka kai wa mai lafiya, sai ya fito da sauri, daidai da nasu. Ba wanda ya yi wa wani ƙarya.

To ga laifin da na ce zan faɗa. Na gane, kuma na yi shiru na ɗan lokaci. Jitar tana bayan gadona, abin da na shekara huɗu ina roƙo ya zo har ɗaki da ƙafarsa. In na kame bakina, gobe baƙi su tafi, shi ke nan. Na kalli jaririya, na kalli jitar, ina jin Majo a rumfa yana zuba wa mutane shayi da muryar da ba tasa ba. Sai kawai na ji kaina ina buɗe taga.

Inna ta ce, "Ke, mai jego! Maza ne fa a wajen, rufe bakinki." Ina! Na ɗaga murya na ce, "Mushe, don Allah ga rediyona nan za a kawo, ka saka kaset ɗinku ka ji kanka." Inna ta kai shi tana mita, mata cike da tsakar gida suna kallona kamar na zautu.

Aka saka. Muryar nan mai kauri ta fito tana gaishe da na Gure. Mushe Alhasan ya zabura ya ce, "Kai! Wane ne wannan ƙaton da ya sace mini magana?" Ya zo da nasa ƙaramin rediyon don ya ɗauki zaman, sai ya cire kaset ya saka a ciki, ya nemo gurbin Gure. Ga Majo, dogon mutum mai magana ɗaiɗai, yana zuba kamar ana binsa, jitarsa kuma tana tafiya tsaf, ba kuskure ko ɗaya. Mushe Alhasan ya ce, "Majo, wannan muka shekara huɗu muna ji. Ka ce mini hannun nan bai faɗa ba?" Na Difa ya yi dariya har ya ƙware da shayi. Majo bai yi dariya ba tukuna. Ya ce a mayar, ya sake ji, sannan ya tashi ya zo bakin taga ya miƙo hannu, na miƙa masa jitarsa.

Su ukun suka sassauta tsirkiyoyinsu suka sauko inda ya saba, suka rage gudu, aka yi ta kiɗa har aka kira magariba. Mushe Alhasan ya ce akwai lanƙwasa a kiɗan da shi ya tsara da hannunsa amma bai taɓa jin ta ba sai da aka tafi a hankali. Majo ya gode, amma ya ce na yau kaɗai ne. Mako bai cika ba ya kai rediyona wurin mai gyara a kasuwa, aka ce robar da ke juya kaset ce ta saki, aka sake wata. Ya koma ɗan koyo, yana ƙara ɗaure tsirkiya kaɗan-kaɗan, yana kora yatsunsa. Kusan shekara ana yi masa faɗa a kaset, na Maraɗi ma ba ya sassauta masa. Ya ce mini kaset ɗin shekarar nan sun fi masa daɗi, don yanzu ya tabbata shi suke ji.

Zagayen kaset ya mutu a hankali da waya ta shigo, aka yi ta sauya wa mutane wurin aiki. Majo bai bar Gure ba, bai kuma bar jita ba sai da hannunsa ya fara rawa. Kaset ko ɗaya ba ta rage mana ba, tunda a kan tsohon kiɗa ake ɗora sabo. Da Mushe Alhasan ya zo ta'aziyya, ya tsufa ya ƙara ƙanƙancewa, ya gaya mini har yanzu in sabon ɗan koyo ya zauna cikin waɗanda yake koya wa, yakan ce, "Mu sauka Gure." Sai kowa ya rage gudu ya jira shi. Ba su san Majo ba, wasunsu ko Gure ba su taɓa zuwa ba.

Wannan ne ya rage daga gare shi a wajen gida, kuma na ga bai yi kaɗan ba. A cikin gida kuwa, na buɗe taga sau ɗaya na jawo wa kaina ƙwarin-ƙwarin na shekara da shekaru, ban fasa mita ba, shi ma bai fasa kaɗawa ba. Allah ya jiƙanka Majo, ya sa ka tarar da abokan zama masu jira. Da na yi shiru ranar nan, da tun lokacin na samu gidan da nake roƙo, wanda ba a jin komai bayan la'asar. Yanzu na same shi, shekara goma sha ɗaya, kuma har yau in an sallame la'asar tsakar gida nake fitowa da tabarmata, don ɗakin ba ya zaunuwa.