Kalmar Sirrin da Na Rubuta da Ajami

Assalamu alaikum, Edita. A lokacin da abin da zan ba da labari ya faru, ni mutum ne da ake ganin girmansa a unguwarmu ta Alibandeng, ba don dukiya ba, sai don alƙalami. A Damagaram na tashi, a can na sauke Alƙur'ani, hannuna ya faɗa da ajami tun ina ƙarami. Faransanci kuwa da girmana na tsince shi a nan Libreville, a bakin kanti da cikin takasi. Ina da ɗan shagon tabarmi da butoci da carbi, amma rabin masu shigowa ba saye ke kawo su ba. Wani wasiƙa zan rubuta masa, wani takardar ofis zan karanta masa. Ina jin daɗin wannan matsayi fiye da yadda ya kamata, Allah Ya yafe mini.

Da na ga komai ya koma intanet, sai na fara zuwa wani ɗakin karatu na jama'a inda aka jera kwamfutoci, waɗanda mu a nan muke ce wa ordinata. Wata mata 'yar ƙasa, mai haƙuri ƙwarai, ita ke kula da wurin. Ita ta buɗe mini akwatin imel, ta koya mini shiga da fita. Ta ja mini kunne ba sau ɗaya ba cewa na'urar nan ta kowa ce, in na gama in rufe akwatina, kalmar sirri kuma a kai ake ajiye ta, ba a takarda ba. To, ni haruffan boko ba sa zama a kaina. Sai na sami 'yar takarda na rubuta adireshin da kalmar sirrin da ajami, na manna a ƙarƙashin allon dannawa na ordinatar da ke kusa da taga, inda na saba zama. A raina na ce duk ginin nan ba mai iya karanta wannan. Wata rana madam ɗin tana goge ƙura ta gani, ta tambaye ni ko addu'a ce. Na yi murmushi, na bar ta a haka. Ni da ake kira Malam, na bari aka ɗauki sakacina addu'a.

Ina da amini, dattijo ne da ya girme ni, yana gasa naman da ake kira kupe-kupe a bakin hanya. Direbobi da leburori a wurinsa suke cin abincin rana, da wannan yake riƙe iyalinsa. Tari ya dame shi wata da watanni, likita ya ce a yi gwajin tarin fuka, za a aiko da sakamakon ta imel. Shi ba shi da imel, sai ya ba da nawa. Ya riƙe hannuna ya ce ko mai ɗakinsa bai gaya wa ba, domin mai sayar da abinci in aka ji yana tari irin wannan, ya gama. Sakamakon ya zo, na karanta, an rubuta negatif, wato babu cutar. Hayaƙin gawayi ne kawai ke cin ƙirjinsa. Da na kai masa labari, a nan bayan teburinsa ya yi sujadar godiya.

Ba a yi mako ba sai kasuwarsa ta mutu. Direbobin da ke layi a gabansa suka koma tsallaken titi. A masallaci ya shiga sahu, na kusa da shi ya ja baya, butar da ya yi alwala da ita aka bar ta a gefe. Ashe hoton takardar asibitinsa ne ke yawo a wayoyin mutane, da sunansa a sama. Ya zo shagona, bai zauna ba, ya tambaye ni wa na gaya wa. Na rantse masa da Allah. Ya ce uku ne suka san maganar, Allah da likita da ni, kuma biyun farko ba ya zarginsu.

Ranar Juma'a bayan an sallame, wani mutumin garinmu da ke sayar da wayoyi a unguwar London ta nan Libreville ya tare ni da fara'a. Nakan gan shi a ɗakin karatun yana buga takardun kaya. Ya ce rabonsa da ganin rubutu mai kyau irin nawa tun yana gida, sai dai Malam ya manta ɗigo a ƙarƙashin harafi ɗaya, har ya sa shi gwadawa sau biyu kafin akwatin ya buɗe. Yana faɗa yana dariya! Na tambaye shi ko ya san abin da ya aikata. Ya ce taimakon Musulmi ya yi, ya hana su cin cuta, ai takarda ta ce negatif, kuma kowa ya san negatif ba alheri ba ne. Edita, ban san lokacin da na shaƙe wuyan rigarsa ba. Mutumin da ya zauna a gaban malami, ya san haramcin leƙen asirin mutane, ya iya karatun da zai buɗe akwatin da ba nasa ba, amma bai iya karanta kalma ɗaya da ke ciki ba, kuma bai ji kunyar yaɗa jahilcinsa ba. Da ƙyar aka raba mu. Yana gyara hula yana cewa wanda ya manna mabuɗinsa a ƙofa ba shi da bakin kiran ɓarawo. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, a nan kam bai yi ƙarya ba.

Washegari na koma ɗakin karatu, na gaya wa madam gaskiya. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta ce sau da yawa ta so ta cire takardar, amma ba ta iya jefa sunan Allahn wani a kwandon shara. Ta taimake ni na sauya kalmar sirri. Da na tsaya a nan, da sauƙi. Amma zuciya ta ɗebe ni, na buga takardar asibitin, bayan la'asar na miƙe a masallaci na karanta ta da ƙarfi, na fassara kalma bayan kalma, ban nemi izinin mai ita ba. Waɗanda ba su ji ba suka ji. Wasu suka fara raɗa cewa in babu komai me ya kai shi gwaji. Aminina ya tashi daga bayan sahu ya ɗauki takalmansa. A waje ya ce mini mai wayoyin a ɓoye ya saci asirinsa, ni kuwa na yi shelarsa a ɗakin Allah.

Bai ƙara hura gawayi a Alibandeng ba. Da safen da zai shiga jirgin ruwa zuwa garin Port-Gentil da iyalinsa, na bi shi tashar jirgin ruwa ta Port Môle. Ya ba ni hannu, ya ce ya yafe mini don Allah, amma kada in rubuta masa.

Har yau in na ga mai wayoyin nan a sahun gaba yana jan carbi, sai na yi ta'awwuzi kafin in iya tayar da salla. Amma fushina da kaina ya fi. Na ɗauka 'yan ƙasa ne za su leƙa ni, na manta cewa mai karanta rubutuna ɗan'uwana ne. 'Yan'uwa masu zuwa ɗakunan karatu da wuraren intanet, na'urar jama'a ba ɗakin kwananku ba ce. Kada ku rubuta kalmar sirri da kowane irin rubutu, ku rufe akwati kafin ku tashi, ku saurari masu kula da wurin ko da sun girme ku da ilimin nan kaɗai. In asirin wani na hannunku, ku sani ba naku ba ne, ko don ku wanke shi ba ku da ikon buɗe shi. Ni na yi, kuma dattijon da ya amince da ni yana can yana fara rayuwa daga farko, da furfurarsa, a garin da bai san kowa ba.