Shekarar da Na Koya wa Malam Abdu Keke

Ban taɓa mantawa da shekarar da aka sake ƙidayar jama'a ba, bayan samun mulkin kai. Lokacin ina magatakarda a Makarfi, kuma cikin aikina har da sabunta takardar izinin zama ta ɗalibai baƙi. Sharaɗinta biyu ne: mutum ya kasance yana da malami, kuma bai gama karatu ba.

Malam Abdu mutumin Damagaram ne, ya zo Kudan neman ilimi tun gemunsa na baƙi. A shekarar malaminsa ya rasu, jama'a suka ɗora shi a kan buzun marigayin. Da ya kawo takardarsa, jami'in da ke zuwa daga Zariya ya ce, "Allah gafarta Malam, wa ke karantar da kai?"

"Ya riga mu gidan gaskiya."

"To, kai ba ɗalibi ba ne. Zan dawo da kaka. Ko ka sami malami, ko ka koma ƙasarku."

Aka zaga Kudan da Likoro, ba wanda ya yarda ya hau buzu Malam Abdu yana ƙasa. Sai aka tuna ina koyar da ajin yaƙi da jahilci. Na ce a rubuta sunansa kawai. Ya ce ba ya zama a ƙasar mutane da ƙarya, zuwa zai yi.

Ya zo kuwa. Shi a ƙasa, ni a kujera. In an tashi ya ɗauki butata, yadda ɗalibi ke yi wa malaminsa, ya biyo ni ta tsakiyar kasuwa. Mahaifiyata ta aiko a tambaya ko lafiyata ƙalau.

Kafin dawa ta fid da kai ya iya boko, har yana yi mini gyara. Ya ce, "Malam, na sauke, kuma in an tambaye ni zan faɗa." Na koya masa lissafin ofis, ya gama. Na koya masa tafireta, ya gama. Abin da ya rage mini a duniya keke ne.

Ranar da jami'in ya dawo, ya same mu a hanyar Gubuci, ina riƙe da sirdi ina gudu. Na saki. Malam Abdu ya yi salati, ya kutsa cikin gonar dawa, rawani ya yi nasa waje. Jami'in ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Wannan kam da sauransa." Ya buga hatimi.

Ku da kuke sababbi a aikin magatakarda, ku sani ƙa'ida ba ta san kowa ba, amma mai gaskiya ya fi ta wuyar sha'ani.

Malam Abdu ya ce haƙƙin malami yana wuyansa. Na ƙi karɓar komai, shi kuma ya ƙi haƙura. Da damina ta zagayo, sai ga shi a gonata da fartanya. Ya nome kunya guda da hannunsa, ya miƙe yana haki, ya ce, "Malam, na fita?"

Na ce, "Ka fita, Allah gafarta Malam." Ya hau kekensa ya tafi.