Ƙanwata Binta da Littattafan da Ta Nema

Shekara goma ke nan da muka ɗauki ƙanwata Binta daga gidanmu na Ƙofar Kibo muka kai ta makwancinta. Ita ke bi na, kuma har yau in na ji an ambaci laburare, ita nake fara tunawa.

Malamar Turanci ce a makarantar 'yan mata, tana kuma digiri na biyu a jami'a. Abin da ta zaɓa ta nazarta shi ne wasannin kwaikwayo da waƙoƙin Ingila na zamanin da Turawa ke kira Renesans, wato lokacin da ilimi ya farfaɗo a ƙasashensu, shekaru ɗaruruwa da suka wuce. Dangi sun yi ta mamaki, wai me ya haɗa 'yar birnin Zariya da zancen matattun Turawa. Babanmu ne kaɗai bai yi ba. Shi malamin zaure ne, ya ce duk mai bin tsohon littafi abokin sana'arsa ne.

Sai dai ta shiga karatun a mugun lokaci. Naira ta faɗi, mujallun da ake aikowa daga waje suka daina zuwa. Takan jawo akwatin katuna a laburare, ta sami sunan littafi da lambarsa, ta hau bene ta tarar da gurbinsa kawai a kantar littattafai. In ta tambaya, a ce wani malami ne ya ara ya bar ƙasar da shi. Akwai na'urar karanta tsofaffin littattafan da aka ɗauka a fim, ƙwan fitilarta ya mutu, aka ce sai an yo oda. Har ta bar duniya ba a yo ba. Ta je Kano, ta je Kaduna, wani lokaci ta dawo da shafi biyu, wani lokaci da gajiya.

Ana haka ta ji cewa littafin da babi guda na aikinta ya rataya a kansa yana wani laburare a Ibadan. Tana da ciki a lokacin, mijinta Malam Isyaku bai so tafiyar ba. Magana ta kai zaure. Baba ya ce, "Isyaku, kakanta a ƙasa ya taka har Katsina don ya kwafi littafi ɗaya. Ban ce dole ba. Amma in za ka iya raka ta, ka raka ta."

Suka tafi a jirgin ƙasa. Can aka ce littafin ba ya fita waje, injin fotokwafi kuma ya lalace. Ta zauna ta kwafe shi da hannu har yatsunta suka kumbura. Da ta dawo na je gaishe ta, na same ta ta rame, tana ta fara'a. Na tambaye ta ko an dace. Ta ce, "Yaya, an dace. Ban yarda da rabin abin da ya faɗa ba, amma yanzu na san da wa nake gardama."

Farkon damina ta rasu wajen haihuwa, ita da jaririn. Babi ɗaya ya rage mata. Likita ya ce tafiyar ba ta da hannu a ciki, mun kuma yarda da ƙaddara. Duk da haka Baba bai sake ɗaga zancen Katsina ba har ya bi ta.

Nakan tambayi kaina me za ta ce da yau. Jami'a daga wannan yajin aiki sai wancan. Ɗalibai suna gama digiri da takardun da malami ya buga ya sayar musu, wasu ba su taɓa hawa benen laburare ba. Kwanan nan kuma ana ta labarin kwamfuta da za ta riƙa kawo littattafan Turai ta wayar tarho. Ina jin za ta yi murna, ta kuma ce sai ta gani.

Bayan sadakar arba'in, ni da Malam Isyaku muka kai wa laburaren jami'arta 'yan littattafan da ta tara da wahala. Ban sake bi ta kansu ba sai watan jiya. Na tarar bangonsu ya ɓalle, gefen shafuka ya yi baƙi, ɗaya ma an ɗinke shi da zare. Raina ya ɓaci, na yi wa ma'aikaciyar wurin ƙorafi. Ta dube ni ta ce, "Alhaji, ka yi haƙuri. Duk mai nazarin wannan fanni su yake ɗauka, don ba mu da wasu."

Binta ba ta karɓi takardar digiri ba, ba ta bar ɗa ba. Abin da ta bari shi ne wanda ya hau benen ba ya tarar da gurbi. Allah Ya jiƙan ta, Ya kai haske kabarinta.