Tarihin Auta, Wadda Ta Hana Wuta Dawowa

Haihuwa

An haifi marigayiya Auta a shekarar 1957, a garinmu na gindin tsauni, a gidan mahaifinmu maƙeri da mahaifiyarmu mai saƙa. Ita ce ta tara a ɗakinsu, kuma cikin takwas ɗin da suka riga ta zuwa duniya babu wanda ya kai yau sai yayanta, mai wannan bayani, wanda tsawa ta nema sau biyu ta rasa.

Karatu

An sa ta makaranta a 1964, kuma a kafaɗar yayan nan nata ta riƙa zuwa, shi da bai taɓa zama aji ba, bai kuma ga abin da hakan ya rage shi da shi ba. Ta kammala jami'a a 1981 da shaidar injiniyar lantarki. Yakan ce mata, "Auta, rabin takardar nan tawa ce." Ita kuwa sai ta ce, "To Yaya, karanta rabinka mu ji."

Aiki da aure

A 1982 gidan rediyon lardi ya ɗauke ta aiki, inda ta tarar yayanta ne mai hawa ƙarfen eriya, aikin da maza da yawa suka kalla daga ƙasa suka tuna suna da iyali. A 1984 ta auri wani malamin asibiti, mutum mai haƙuri, wanda ya riga ta rasuwa.

Shekarar da wuta ta riƙa dawowa

A 1996 guguwa ta karya kan eriyar, aka yi mata walda, ta gajarce. Tun daga nan wutar da injin watsa shirye-shirye ke turawa sama ta riƙa juyowa ta cikin waya, har ta ƙone inji biyu. Saura ɗaya tak, hukuma kuwa ta zartar cewa ranar da ya ƙone, a rufe tashar a sallami kowa.

Marigayiya ta gano cewa lissafin da aka saba yi yana ɗauka bakin waya na shanye duk abin da aka zuba masa, kamar rairayi, alhali gajeriyar eriya riƙewa take yi ta maido, kamar jaririn da aka yi wa ɗure. Saboda haka ta gina tashar ɗungurungum a cikin kwamfuta, ta sa mata baki mai irin wannan hali, ta riƙa auna abin da ya shiga da abin da ya dawo, tana ƙona injin ƙarya ba tare da hayaƙi ya tashi ba. Daga bisani lissafi ya nuna girman naɗin tagullar da za a ɗaura a tsakiyar ƙarfen don hana wutar dawowa.

Ta ce, "Yaya, ka tsufa fa, bari a nemo wani ya hau."

Ya ce, "Ke ma na ɗauke ki, balle guntun tagulla?"

Ya hau da furfurarsa, ya ɗaura, ya sauko, aka kunna inji. Allurar da ke nuna wutar da ta dawo ta ɗan zabura, sannan ta kwanta. Shugaban tashar, wanda tuni ya kwashe kayan ofishinsa, ya sa aka maido su, yana cewa shi dama shara ya fitar da su a yi.

Ritaya da rasuwa

Ta yi ritaya a 2017, ta koma koyar da wannan lissafi ga injiniyoyi masu tasowa. Allah Ya yi mata rasuwa a 2023 bayan gajeriyar jinya, aka binne ta a maƙabartar da ake hango eriyar daga cikinta.

Ta bar 'ya'ya huɗu: babbarsu likitar ido, mai bi mata matuƙin jirgi, na uku tela, sai autar Auta, wadda ta gaji kwamfutar. Ta bar yayanta, wanda da ƙafarsa ya raka ta, ba sanda. Ta kuma bar injin nan na uku, wanda ta cikinsa aka yi sanarwar rasuwarta, allurar tana kwance inda ta bar ta.